Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tsofaffin Finafinai Biyar Da Na Kalla A Ɗakina

MAI karatu, ba don zazzaɓi ba, da wataƙila ba ka ga wannan rubutu ba. A daminar bara ne taifot ya kwantar da ni har mako uku, aka hana ni leƙa ko ƙofar gida. Da na gaji da ƙirga kwanon ɗaki, sai na tuna da wani filash da wani malaminmu ya ba ni ranar da muka gama difloma a Poli. Ya ce, "Kai da kake son zama mai sharhin fim, je ka kalli waɗannan tukuna, sannan ka buɗe baki." Na ce to Malam, na jefa shi a durowa. Shekara biyar ban waiwaye shi ba. Allah ya yafe mana.

Finafinai huɗu ne a ciki, duk baƙi-da-fari, duk sun girme ni nesa ba kusa ba. Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu finafinai ne masu zaman kansu, wato ba wani babban kamfani ne ya zuba kuɗi ya ɗauki darakta aiki ba. Mutum ɗaya ne da labari ya hana shi barci, ya yi karo-karo, ya ari kyamara, ya tara abokai da maƙwabta. Na biyar kuwa namu ne na gida, ni na nemo shi da kaina, kuma wajen nemansa ne na gamu da abin da ya sa ni ɗaukar biro. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, bisa shekarunsu.

PATHER PANCHALI (Indiya, 1955)

Da Umma ta ji an ce fim ɗin Indiya ne, sai ta jawo tabarma ta zauna. Bayan kamar minti ashirin ta ce, "Wai yaushe za a fara waƙar ne?" Na ce, "Umma, wannan ba irin wanda su Baba suka riƙa cika Plaza da Marhaba dominsa ba ne." Babu rawa, babu jarumin da ke dukan ƙarti goma shi kaɗai. Ko yaren ma ba Hindi ba ne, Bangali ne.

Wanda ya shirya shi, Satyajit Ray, mai zanen tallace-tallace ne a wani kamfani a Kalkata. A 1950 aka tura shi aiki Landan, inda ya kalli wani fim ɗin Italiya mai suna Bicycle Thieves, wanda aka ɗauka a kan titi da mutanen da ba 'yan wasa ba. Ya dawo gida da ƙudurin mayar da littafin Bibhutibhushan Bandyopadhyay na 1929 zuwa fim. Ku ji fa, masu karatun littafi: wannan ma daga littafi ya fito. Ray bai taɓa ba da umarni ba, mai ɗaukar hotonsa Subrata Mitra kuma bai taɓa riƙe kyamarar fim ba. Suka fara a 1952, kuɗi ya ƙare, Ray ya sayar da faya-fayen garmahonsa, aka jinginar da gwala-gwalan matarsa, aiki ya tsaya cak wata da watanni. Daga baya gwamnatin jihar Bangal ta Yamma ta ba da rance, kuma abin dariya, saboda akwai kalmar "hanya" a sunan fim ɗin, sai aka rubuta kuɗin a babin gyaran hanyoyi.

Labarin wani gida ne na talakawa a ƙauye: uba malamin addinin Hindu da ya tafi neman kuɗi, uwa da ke fama da tukunya, yarinya Durga, ƙaninta Apu, da wata tsohuwa tukuf da uwar take ganin ta zame mata kaya. Wannan tsohuwar, Chunibala Devi, ta kai shekara 80 lokacin da ta yi wasan, kuma ta rasu kafin a saki fim ɗin a sinimomin ƙasarta. Wallahi ban taɓa ganin tsufa da yunwa a fuskar ɗan wasa kamar yadda na gani a tata ba.

Wurin da ya karya mu shi ne dawowar uban. Ruwan sama ya doki Durga, zazzaɓi ya kama ta, ta rasu ba ya nan. Ya iso da murna yana kwance tsaraba, har ya miƙo zanen da ya sayo wa 'yarsa. Nan uwar ta zube. Ray bai bar mu mun ji muryarta ba, sai wani abin kiɗa mai kama da goge ya yi kukan a madadinta. Na waiwaya na ga Umma na share ido da bakin mayafi. Ba ta sake tambayar waƙa ba.

Fim ɗin ya samu lambar yabo a bikin finafinai na Kan, a Faransa, a 1956. Aibinsa ɗaya ga irinmu: yana tafiya a hankali ƙwarai. In kana latsa waya kana kallo, gara ka bari sai ka natsu.

BOROM SARRET (Senegal, 1963)

Wannan bai kai minti 20 ba, amma sau uku na maimaita shi. Kafin ka gane darajarsa, sai ka san cewa tun 1934 Faransa ta kafa dokar da ta hana ɗaukar fim a ƙasashen da take mulka a Afirka sai da izinin hukuma, izinin da baƙar fata ba ya samu. Shi ya sa da ɗaliban Afirka suka so yin fim a 1955, a birnin Faris suka yi shi.

Usman Sembene marubuci ne kafin ya zama ɗan fim. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marsai, ya wallafa littattafai da Faransanci, sai ya lura mutanen da yake rubutu a kansu ba su iya karanta su. Yana dab da shekara 40 ya tafi Mosko ya koyi aikin fim, ya dawo Dakar ya yi wannan da tsohuwar kyamara.

Yini ɗaya ne a rayuwar wani mai amalanken doki. Ya yi sallar asuba ya fita. Wasu fasinjojin ba su biya shi. Ya kai mai naƙuda asibiti, ya kai wani uba da gawar jaririnsa maƙabarta, inda aka tare uban saboda takarda. Akwai kuma inda wani maroƙi ya tare shi ya dinga wasa kakanninsa, kansa ya kumbura, ya juye masa ɗan abin da ya samu. To, wane Bahaushe ne zai ce bai san wannan ba? Daga ƙarshe wani ɗan gayu ya lallaɓe shi ya kai shi unguwar manya, inda aka haramta wa amalanke shiga. Ɗan sanda ya ƙwace amalanken, ɗan gayu ya shige mota ya yi gaba bai biya ba. Mutumin ya koma gida yana jan doki. Matarsa ta miƙa masa goyo, ta fita nemo abin da za su ci. Ina za ta? Sembene bai faɗa ba, kuma wannan shirun ya fi komai ciwo.

Duk ɗan acaɓa ko mai Adaidaita da aka taɓa raba shi da abin neman abincinsa zai ga kansa a nan. Abin da ban so ba shi ne maganar da aka ɗora da Faransanci daga baya, alhali ka san mai amalanke a Dakar da Wolof yake tunani. Sembene da kansa ya gyara wannan a 1968, da ya yi Mandabi da harshen Wolof.

CABASCABO (Nijar, 1969)

A nan kunya ta kama ni. Yamai ce fa, maƙwabtanmu na jini, amma sai da na kusa shekara 30 sannan na san Umaru Ganda. An haife shi a Yamai a 1935. Yana yaro matashi ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indocina, yankin da Biyetnam take a yau. Da ya dawo bai samu aiki ba, ya gangara Abijan yana dako. A can ya haɗu da Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya sa shi a fim ɗinsa Moi, un Noir na 1958. Rouch ya ba da labarin Ganda, amma Ganda bai gamsu ba sai da ya ba da labarinsa da bakinsa.

Cabascabo minti 45 ne, da Zabarmanci, kuma Ganda ne da kansa jarumin. Soja ya dawo daga yaƙi da kuɗi a aljihu. Abokai, maroƙa da mata suka yi masa caa kamar ƙuda ya ga mangwaro. Yana ba su labarin fagen daga, fim ɗin na komawa baya yana nuna mana abin da ya gani, har da wulaƙancin da baƙin soja ke sha a hannun Turawan da yake yi wa yaƙi. Da kuɗi suka ƙare, kowa ya watse. Ya nemi aiki, girman kai na tsohon soja ya hana shi zama leburan da ake ba umarni. A ƙarshe ya juya wa birni baya.

Umma ta ce, "Ai wannan labarin mazan jiya ne da suka dawo daga Bama." Gaskiyarta. Sautin fim ɗin ba shi da kyau, wuraren yaƙin kuma kana gani ka san ba kuɗi. Amma mutumin da ya ji ƙarar harsashi da kunnensa ne ke wasan, kuma hakan ya fito a idonsa. An nuna shi a Kan a 1969. A 1972 wani fim ɗin Ganda, Le Wazzou Polygame, ya zama na farko da ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu. Ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981. Allah ya jiƙansa. A yau akwai cibiyar al'adu mai sunansa a Yamai, FESPACO kuma na ba da kyauta da sunansa ga daraktan da ya yi fice a fim ɗinsa na farko.

Jarumar da ta fito tare da shi, Zalika Sule, tana daga cikin matan farko da suka yi wasan fim a wannan yanki. Ta sha zagi saboda an kasa bambanta ta da matan da take kwaikwayo, kuma wani fim na gaskiya da Rahmatu Keita ta yi a kanta ya nuna ta cikin talauci da tsufanta. Ta rasu a 2021. 'Yan wasanmu mata, ba kun ji kamar an taɓa ba ku wannan labarin ba?

KILLER OF SHEEP (Amurka, 1978)

Ƙanena ya ji sunan ya zo da gudu, yana zaton za a yi harbe-harbe. Minti goma ya yi ya fice. Charles Burnett ɗalibi ne a jami'ar UCLA, wannan kuma aikinsa ne na kammala karatu. Ya ɗauke shi a ranakun hutun mako, a unguwarsu ta Watts da ke Los Anjelis, unguwar baƙaƙen fata da aka yi babbar tarzoma a 1965. Kuɗin da ya kashe bai kai dala 10,000 ba, kuma yawancin 'yan wasan mutanen unguwa ne.

Stan ma'aikaci ne a mayankar tumaki. Aikin ya kashe masa zuciya, ba ya iya barci, ba ya iya sakin jiki da matarsa. Kusan babu labari a jere, sai gutsattsarin rayuwa: yara na tsalle daga soro zuwa soro, suna jifar juna a kango. Akwai inda Stan da abokinsa suka haɗa ɗan kuɗinsu suka sayi tsohon injin mota, suka sha wuya suka sauko da shi daga bene suka ɗora a bayan a-kori-kura. Mota na tashi, inji ya mirgino ya faɗi ya fashe. Na yi dariya, sannan dariyar ta maƙale mini a wuya, don na san mutane da yawa da rayuwarsu ke nan.

Ga darasi ga furodusoshinmu. Burnett ya cika fim ɗin da waƙoƙin manyan mawaƙa ba tare da ya sayi izini ba, don bai zaci za a kai shi kasuwa ba. Saboda haka, duk da ya ci kyautar masu sharhi a Balin a 1981, kuma a 1990 Amurka ta sa shi cikin jerin finafinan da ƙasa za ta adana, ba a iya sakinsa a sinima ba sai 2007, bayan an biya kimanin dala 150,000 na haƙƙin waƙoƙin. Kuɗin waƙa ya ninka kuɗin fim sau 15. Tirƙashi!

SANGAYA (Kano, 1999)

Da na gama waɗannan huɗun sai na ce, to ai mu ma haka muka fara. Industirinmu ba gwamnati ce ta haife ta ba, ba kuma wani attajiri ba. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne na unguwa, da irin kyamarar da ake ɗaukar biki. A watan Maris na 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda marigayi Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari ya fito a ciki. Shekara biyu ke nan kafin Living in Bondage na 'yan Kudu. Sai Gimbiya Fatima a 1992, sai kuma a 1994 Ado Ahmad Gidan Dabino ya mayar da littafinsa In Da So Da Ƙauna zuwa fim. Marubuci ya koma fim don ya isa ga wanda ba ya karatu. Ba abin da Sembene ya yi ke nan ba?

Da na samu sauƙi na tafi gidan Kawu, wanda ya taɓa riƙe shagon hayar kaset. Ya nuna mini kwali biyu a ƙarƙashin gado. Na sayi tsohuwar bidiyo a wajen wani mai gyaran rediyo, na kwaso su na dawo gida da zumuɗi. Mai karatu, kaset 46 na ƙirga. Fumfuna ta cinye mafi yawansu, ta yi fari fat a jikin zaren. Wasu zaren ya manne, wasu na sakawa ya tsinke. Guda 7 ne suka nuna wani abu, shi ma hoto na rawa, murya kamar daga rijiya. Turmin Danya ba ya ciki. Na zaga shagunan masu tura finafinai a waya, yaran da ke wurin ko sunan ba su taɓa ji ba.

Sangaya ne na samu cikakke, kwafin kwafin wani kwafi. Kamfanin Sarauniya ne ya shirya shi, Aminu Muhammad Sabo ya ba da umarni. Labarin ɗan sarki ne, Ali Nuhu, da ya kamu da son Zubaina, yarinyar da ke hidima a gidan sarauta, wadda Fati Mohammed ta fito a matsayinta. Kiɗansa, wanda aka yi da fiyano yana kwaikwayon kayan kiɗanmu na gargajiya, shi ya haukata kasuwa, kuma daga kansa rawa da waƙa suka zauna daram a fim ɗin Hausa. Mai yabo da mai suka duk sun yarda a nan aka yi kwana.

Ra'ayina? Kyamara ba ta cika motsi ba, wasu fitowar sun yi tsawo. Amma Fati Mohammed na yin magana da ido fiye da baki, Hausar kuma tsaf take, ba gauraye. Umma ta ba ni labarin yadda matan layinsu suka taru a ɗaki ɗaya suka kalle shi, ana goya ni a baya. Sai dai a kwafin da na samu, in 'yan wasa suka ɗan yi nisa da kyamara, fuskokinsu narkewa suke yi, ba ka bambanta wannan da wancan. Umma ce ke faɗa mini, "Wancan wane ne, waccan wance ce."

WA YA AJIYE?

Ka duba wannan lissafi. Fim ɗin 1955 na kalle shi tar, har ina ganin ɗigon ruwa a kan ganye. Fim ɗin 1999, na garinmu, da ƙyar nake gane fuska. Na 1990 kuwa ban gan shi ba sam. Ba wai nasu ya fi ƙarfin lalacewa ba ne. Ainihin faifan Pather Panchali ya ƙone a wata gobara a Landan a 1993. Ma'ajiyar finafinai ta masu ba da kyautar Oska ta karɓi ƙonannun gwangwanayen ta ƙi zubarwa, ta ajiye su shekara 20, har fasaha ta kai inda aka iya ceto abin da ya ragu, aka sake fitar da shi a 2015. Borom Sarret an gyara shi a 2013 a Bolonya ta Italiya, da taimakon gidauniyar darakta Martin Scorsese. Killer of Sheep jami'ar da Burnett ya yi karatu ce ta adana shi ta gyara. Kowanne akwai wanda ya ce wannan abu ba zai mutu a hannuna ba.

Mu kuwa tsarin kasuwarmu na wancan lokaci bai san gobe ba. Furodusa zai buga kwali, ya kai masta wajen 'yan kasuwa a Bata ko Ƙofar Wambai, su gurza su sayar. Da fim ya gama tashensa, hankali ya koma kan na gaba. Kaset ɗin bidiyo kuma zare ne mai maganaɗisu, zafi da laima da ƙura duk maƙiyansa ne, ga shi tun 2016 kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar bidiyo, Funai na Japan, ya daina. Duk shekarar da ta wuce, kaset na mutuwa, na'urar da za ta karanta shi ma na mutuwa.

Kada ka ce ai na gwamnati sun tsira. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, an daɗe ana zaton ya ɓata. A 2016 aka tsinci gwangwanayensa a wani tsohon ginin hukumar fim a Legas, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin Balin a 2018. Sa'a ce ta cece shi. To wace sa'a ce za ta ceci kaset ɗin da ke ƙarƙashin gadon Kawu?

Don haka ga roƙona. In kana da tsohon kaset, kada ka ba yara su ja zaren su yi wasa. Fito da shi daga ƙarƙashin gado, ka tsayar da shi a tsaye a wuri mai sanyi marar laima, ka nemi mai na'urar da zai juye shi zuwa kwamfuta, ka ajiye a wuri biyu. Iyayenmu furodusoshi na farko, don Allah ku duba mastocinku tun kuna da rai, ku rubuta shekara da sunayen duk waɗanda suka yi aiki. Akwai ma'ajiyar finafinai ta ƙasa a Jos, akwai jami'o'inmu masu sashen nazarin fim, ga ƙungiyoyin 'yan fim. Ku zauna ku yi magana. Mu ma masu sharhi da laifinmu: kullum muna kan sabon fim, kamar ba mu da jiya.

Kaset bakwai ɗin nan na kai an juye mini su. Ɗaya daga ciki minti 12 kawai aka iya cetowa, ba farko ba ƙarshe, kwalinsa ma ya yage. Na nuna wa Kawu, ya daɗe yana kallo, ya ambaci sunayen mutum uku a ciki, ya ce duk sun riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu da rahama. Kai kuma mai karatu, in akwai wani tsohon fim a gidanku, rubuto mana sunansa da shekararsa ta adireshin mujalla. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.